Shuɗin Gilashin Alojzy Kocur

A garinmu tun muna yara sama ja take, dusar ƙanƙara kuma baƙa take sauka. Shekara talatin Alojzy Kocur ya yi a bakin tanderun narka ƙarfe, ni kuma ina can sama da kansa ina tuƙa injin ɗaga kaya. Ma'auninsa wani ɗan shuɗin gilashi ne ɗaure a goshin hularsa. Sai ya sauke shi kan ido, ya leƙa ruwan ƙarfen, ya ce, "Da saura," ko "Ya nuna, a juye."

Da mulkin gurguzu ya faɗi aka sayar da masana'antar. Aka bi tsofaffin tanderu ana kashewa, aka kafa sabo da ake sarrafawa daga wani ɗaki mai sanyi cike da kwamfutocin da aka shigo da su daga ƙasar waje. Aka ce wanda ya koya ya zauna, wanda ya kasa a sallame shi. Alojzy na da shekara hamsin da huɗu, yatsunsa kamar taɓare, maɓalli bibbiyu yake dannawa.

"Kai da shebur kuka saba, wa ya aike ka?" na ce masa.

"Yi mana shiru, jemage, kai da ka ƙare rayuwarka a rataye."

Ranar gwaji ina bayansa a layi. Injiniya Bożena, 'yar wani tsohon abokin aikinmu, ta ce ya karanta mata zafin ƙarfen a allo. Abin da ya saba ya rinjaye shi, ya zaro gilashinsa daga aljihu ya nufi tagar da ake hango ruwan ƙarfen.

"Kawu Alojzy, ga allon nan a bayanka."

"Dubu da ɗari shida da ashirin," in ji shi.

Ta duba allon. "Da ashirin da uku."

Ya daɗe a tsaye. Na ɗauka haushi ya ji, ashe daɗi ne. Shekara talatin yana faɗa babu mai tabbatar masa, yau ga shaida ta zo daga wata ƙasa a cikin akwati.

"Ashe abin nan ya san aiki," ya ce, ya jawo kujera. "To 'yata, sake nuna mini. A hankali, da yatsa ɗaya."

Bayan mako biyu ta sa hannu a takardarsa. Shekara shida ya ƙara a ɗakin nan, tarinsa ya lafa, matarsa Truda ta daina dafa rigunansa kafin su fita. Ƙorafinsa ɗaya ne: babu sauran curin ƙarfe mai zafi da zai gasa dankali a kai.

Yanzu a lambunsa muke yini. In na miƙe zan tafi gida, sai ya ɗaga gilashin ya dubi rana, ya ce, "Zauna. Da saura."