Oke a Gindin Ɗorawa

Ranar wata Laraba, a daminar shekarar da na gama firamare, ina durƙushe a gaban Baba a gindin ɗorawar gonarmu. Na sami gurbin sakandare a Bici, ga shi ni kaɗai na rage masa a gandu. In na tafi, babu mai ɗora wa jaki mangalar taki, babu mai kama masa noma.

Yaya Sani ne ya fara tafiya makarantar, shi ne kuma ya kawo mana kalmar "oke" a hutunsa na farko. Kai, kalmar nan ta sha aiki! In Inna ta aike shi rijiya, oke. In na ɓata masa rai sai ya ja ta, "ookee", yana kaɗa kai, na san ranƙwashi na jirana a bayan rumbu. Ranar da na faɗo daga kan mangwaro, yana kakkaɓe min ƙasa yana tambaya, "Kana oke?" Mu yara muka cafe, ko langa muke yi ba a tashi sai an ce oke. Inna kuwa dariya take: "Wai oken nan, ci ake ko sha?" Baba ne bai ɗauke ta wasa ba. A wurinsa yaro ya durƙusa ya ce "to", wanda ya ce oke kuwa boko ya fara lalata shi. Duk ranar da kalmar ta suɓuce wa Yaya a gaban Baba sai in ji kamar in shaƙe shi, don gani nake karatuna yake rushewa.

Ranar Larabar nan, na gama kame-kamena ina roƙon Baba ya bar ni in tafi makarantar. Ya daɗe yana kankare ƙasar fartanyarsa da tsinke, ya dubi geron da ke jiran maimai, wato noma na biyu, ya dube ni. Sannan ya miƙo hannu ya karɓi fartanyata, ya haɗa da tasa ya saɓa a kafaɗa.

"Oke," in ji shi, bakinsa bai ma iya ta ba.

Dariya ta taso min, kuka ya riga ta.

Yau 'ya'yana kan turo min oke ta waya tun ba su gama karanta saƙona ba, ni ma haka nake yi wa mutane. Baba ya rasu, Allah ya jiƙansa, rabin gonar ya zama gidaje. Sau ɗaya na taɓa jin kalmar a bakinsa, kuma shi kaɗai ya yi maimai a shekarar.