Sai-ya-huce da Tayar Baya

Ruwa aka kwana ana yi, da safe ya koma yayyafi mai sanyi. Ranar ce ranar wankin ƙodar matata a asibiti, kuma likita ya ja mana kunne: in ta makara za a ɗora wani a kan na'urar, ita sai wani satin. Ƙafafunta kuwa har sun fara kumbura, ba ta da ƙarfin jiran wani satin.

Muna cikin tafiya tsohuwar motata ta fara gurnani ta baya, inji yana girgiza har sitiyari na rawa a hannuna. Dole na karya kai zuwa garejin Sai-ya-huce.

Direbobi ne suka laƙaba masa sunan, don ba ya taɓa notin inji da zafi. Ko wane ne kai, amsar ɗaya ce: sai ya huce. Gajere ne, da furfura, da ɗan yatsa guda da jak ya taɓa dannewa ya lanƙwashe. Garejin ma rumfar kwano ce kawai, sai benci da akwatin sifana da ya gada a wurin maigidansa. Masu sababbin motoci sun guje shi saboda rashin sauri, mu masu tsofaffi muka rage masa.

Na faɗa masa halin da muke ciki. Ya buɗe bonat ya bar shi a buɗe, ya zagaya baya ya ɗaga motar da jak, ya kama tayar da hannu biyu ya jijjiga. Ta yi ƙwas-ƙwas.

"Boris ne, ƙarfen da taya ke juyawa a kansa, ya yi sako-sako," in ji shi. "Yaya, ka gode Allah da tayar ba ta fice ta riga ku isa asibiti ba."

Matata ta leƙo ta taga. "Baban gareji, yau fa babu sai ya huce. Ni ce zan huce in ka tsaya."

Ya yi dariya. "Uwargida, kafin in gama da baya, gaba ya sha iska. Ga ruwan sama ma yana taya mu."

Ya cire taya, ya goge boris ɗin ya duba, ya cika shi da giris. Da ya zo kan notin da ke riƙe boris ɗin na ce, "Ɗaure shi tam, kada ya sake kwancewa."

Bai ɗago ba. Ya yi ta ɗaurawa yana juya wurin da ɗaya hannun har ya ji ya fara nauyi, sannan ya sassauta kaɗan, ya zira fin, ɗan siririn ƙarfen da ke tare noti, ya lanƙwasa bakinsa.

"In ka matse shi, zafi zai yi ya ƙone a hanya," ya ce. "Fin ne zai hana shi kwancewa, ba ƙarfi ba."

Sannan ya koma gaba, ya ɗora tafin hannu a kan inji ya ji ko ya huce. Ni dai agogo nake kallo. Can ya ɗauki sifana ya bi notunan da ke riƙe da inji, wannan gefe kaɗan, wancan gefe kaɗan, yana komowa, har suka zauna daidai. Na tayar da mota. Girgizar ta ɗauke.

Na zaci sallama za mu yi, sai na ga ya ja kwanon ƙofar garejin ya faɗa kujerar baya da sifana a aljihu.

"Mu je. Ina so in ji ta da kunnena."

Duk hanya kansa na jingine wajen tayar. A ƙofar asibiti ya sauka ya taɓa tsakiyarta da bayan hannu.

"Ɗumi ne kawai. Shiga da ita, Yaya."

Muka tarar ana kiran matata. Da na fito in yi masa godiya, mai gadi ya ce ai ya hau motar haya cikin yayyafin ya koma.

Tun daga ranar tayar ba ta sake kuka ba, matata kuma ba ta taɓa rasa na'urar saboda mota ba. In ta idar da salla takan sa shi a addu'a tare da 'yan'uwanta.

Yanzu idonsa ya yi rauni, ya bar aiki. Yana gidan babbar 'yarsa, yana wuni a ƙofar gida a kan bencin nan na gareji.