Ranar da Na Shiga Rumbu Gudun Lamba

Shekarun baya, zamanin Nasara, ina sabon magidanci a Dakoro, aka yi shela ran kasuwa cewa kumandan, Baturen mulki, ya ce jibi kowa ya fito a yi masa lambar agana. Wanda ya ƙi, gardi, dogarin kumandan, zai je har gida ya fito da shi.

Matata tun tana ƙarama an cika ta da "kul". Kul ki leƙa rijiya, kul ki bi bayan raƙumi. Da jin shelar ta daina cin tuwo. Ta bi gidajen maƙwabta tana tambaya ko da zafi, ko hannu yana shanyewa, ta dawo ta yi kuka, ta sake fita. Ni ko dariya nake mata, don mahaifina ya tashe ni a kan namiji ba ya cewa wayyo. Kunama ta taɓa harbina ina yaro, ya ce in yi shiru mata na ji.

Abin da ban gaya wa kowa ba, ni ma tsoro ya kama ni, kwana biyu ina zarya makewayi. Na ce wake ne.

Ranar da safe na ce zan je Sabon Maci duba wani rago. Na zaga bayan gida, na hau rumbu na ja murfi. Ƙaiƙayin gero ya hau ni, zufa na zuba, ba damar motsi.

Wajen azahar murfi ya buɗe. Matata ce ta zo ɗaukar dami, damtsenta da ɗan zane kamar kartar ƙaya. Ta dube ni ta daɗe.

"Maigida, ashe Sabon Maci ta matso kusa."

Na ce gara nake dubawa.

"To ka gama da wuri. Gardi ya kira sunanka sau biyu, na ce kana zuwa. Baba ma ana nemansa."

Sai muka ji atishawa daga rumbun da ke kusa. Atishawar da na sani tun ina goye.

Haka muka tafi ni da mahaifina, yana gaba ina baya, kowa na karkaɗe rigarsa, ba wanda ya kalli wani. Lokotoro, wato likitan, ya gama da ni kafin in ƙarasa bisimilla.

Da yamma mahaifiyata tana kaɗi ta ce, kamar da mazari take magana: "Mu an koya mana mu faɗi tsoronmu, shi ya sa yake gajiya ya tafi. Ku an ce ku haɗiye, ga shi ya kai ku rumbu."

Har mahaifina ya bar duniya ni da shi ba mu taɓa ta da zancen ba. Amma daga ranar na daina yi wa matata dariya in ta damu, don na gane abu ɗaya ke damunmu, ita dai tana da izinin faɗa. Yanzu in za a yi mini allura, tun daga ƙofa nake gaya wa ma'aikaciyar cewa tsoho matsoraci ya iso, ta bi ni a hankali.