Taurari Biyu a Ƙofar Shu'aibu

Shu'aibu mutumin Fagge ne, shi ke karɓar baƙi a wani ƙaramin otal da ke unguwar Al Ras a ƙasar Larabawa, bayan shagunan kayan yaji. Na san shi a 2018, lokacin da muka kawo 'yata Zaituna asibiti. Da Allah ya yi mata rasuwa, shi ya yi mana zirga-zirgar samun izinin binne ta. Tun daga nan, duk zuwana ziyarar kabarinta a wurinsu nake sauka.

A ƙofar otal ɗin akwai allon ƙarfe mai taurari biyu, shaidar cewa hukumar yawon buɗe ido ta duba wurin ta amince da shi. Masu dubawa ba sa faɗin ranar zuwansu. Mai otal ɗin kuwa ya taɓa gaya wa Shu'aibu cewa ranar da tauraro ɗaya ya faɗi, a ranar zai soke masa biza. Iyalinsa na Kano, kuma da wannan aikin suke ci.

Abin da Shu'aibu ya fi tsoro shi ne safa. Yawancin baƙinsa mata ne masu sarin turaren wuta, kuma babu wadda za ta yi sari ba ta ɗora samfuri a kan garwashi ta ji ƙamshinsa ba. A ɗaki suke yi. Don kada na'urar gano hayaƙi da ke silin ta yi kuka, sai su hau kujera su sa mata safa. Kowace safiya, idan masu shara sun buɗe ɗakuna, Shu'aibu kan bi bayansu da sanda mai ƙugiya yana zaro safa. Ko magana kuke yi, za ka ga yana ɗaga hanci yana shinshina iska.

Ɗaki ɗaya ne ba ya shiga, na Hajiya Turai. Aminiyar mahaifiyarsa ce, ta goya shi yana jariri, kuma ba ta yarda mai shara ya ga kayanta.

Wani yammaci a 2021 ina zaune a falon ƙasa, wata mata mai baƙar abaya ta shigo ta nuna kati. Mai dubawa ce. Ta ce da hawa na uku za ta fara, kuma a can ɗakin Hajiya yake. Ƙamshin sandal yana saukowa ta matakala. Shu'aibu ya roƙi matar ta zauna ya nemo makullai, sannan ya juya baya ya buga wayar ɗakin. Muryar Hajiya har inda nake.

"Hajiya, don Allah a cire safar nan."

"Wace safa kuma, ɗan nan?"

"Ta sama. Masu taurari sun zo."

"To su hawo mana, su ma na turara su. Kai tun kana goye matsoraci ne."

"Hajiya, korata za a yi."

"Khalas, shi ke nan, bari na hau kujera."

Bai tuna ya ce ta fara kashe garwashin ba. Tana zare safar, hayaƙin da ya cika ɗakin ya shiga na'urar, jiniya ta ɗauka a ginin gaba ɗaya. Lif ya tsaya. Mata suka yi ta saukowa suna salati, wata babu mayafi, wata rungume da jakar fasfo. Shu'aibu ya ƙame a inda yake, makullai a hannu. Hajiya Turai ce ƙarshen saukowa, tana dafa bango, da safar a hannunta.

Mai dubawar ta tambaye shi abin da ya faru. Ya dubi Hajiya, ya dubi ƙasa, ya faɗi gaskiya. Matar ta ce na'urar tana aiki, wannan ya taimake su. Amma kunna wuta a ɗaki da rufe na'ura laifi ne babba. Za ta dawo ba sanarwa, kuma idan ta sake tarar da haka, tauraro zai tafi.

Mai otal ya ce baƙuwar ta bar wurin a ranar, kuma Shu'aibu ne zai gaya mata. Ya durƙusa ya faɗa.

"Ni za ka kora, Shu'aibu?"

"Ba ni ba ne, Hajiya."

"Bakinka dai na ji."

Shi ya ɗauki jakunkunanta har cikin tasi. Ya ce Allah ya kiyaye hanya, ta ja ƙofar tasin ta rufe. Ta koma wani masauki a unguwar Hor Al Anz, kuma nan da nan labarin ya isa Fagge. Mahaifiyarsa ta daɗe ba ta ɗaga wayarsa ba.

Zuwana na ƙarshe, taurarin nan biyu suna nan, mai dubawar kuma ba ta dawo ba tukuna. Na same shi yana goge allon da tsumma. Muna cikin gaisawa ya tsaya cak, ya ɗaga hanci. Ya ce, "Alhaji, ka ji wani abu?" Ban ji komai ba. Ya ɗauki sandarsa ya hau sama.