Jan Biron Ɗan Majalisa

Shekara guda ke nan da komawar sojoji bariki. Saudatu mai suyar kifi a tashar Wudil tana kallon wani dattijo yana fitowa daga sabuwar mota, babbar rigarsa ta sha sitaci, takalminsa kuwa duk faci. Direbobi suka ce ai ɗan majalisar jiha ne.

Ya tsaya gaban tsohuwar fastarsa, ya gyara tabarau, ya zaro jan biro. Lallai wannan tsohon malamin makaranta ne, in ji Saudatu a ranta. An buga "Zan kawo rawa Lajawa", shi kuma yana mayar da ita "ruwa".

"Ranka ya daɗe, bar shi haka," ta ce. "Ni 'yar Lajawa ce. Rawar dai mun gani, ranar da ka ci zaɓe."