Shurin da Gienia Ta Yi wa Alƙali

Duk wanda ya yi aiki a masaƙarmu ya san muryar Gienia kafin ya san fuskarta. Sunanta na takarda Genowefa Kulesza, amma ban taɓa jin an kira ta haka ba sai ranar da aka binne ta. Daga ƙauye ta zo bayan yaƙin duniya na biyu, ba miji, sai 'ya guda a hannu. Ta kama injin saƙa, ƙarar injin ta cinye mata kunne ɗaya, tun daga nan ko gaisuwa za ta yi sai ka ɗauka faɗa ne. Injina yana kusa da nata, don haka na fi kowa shan wannan gaisuwa.

A ɗaki guda take zaune da 'yarta da jikoki biyu, bango na tsatsafar ruwa, famfo a tsakar gida. Ta daɗe tana jiran gida a sabon benen da masaƙa ke ginawa, mai ɗaki biyu da banɗaki a ciki. A farkon shekarar 1968 aka ce mata layi ya zo kanta, watan Yuni za a ba ta makulli.

Bayan jikokinta, ba abin da take so kamar ƙungiyar wasan kwaikwayo ta masaƙa. In faɗi gaskiya ba ta iya wasa ba, amma muryarta na kaiwa kujerar ƙarshe. A wannan shekarar wani tsohon wasa muka ɗauko, labarin wani ƙauye da 'yan mata suka riƙa ihu suna nuna mutane da yatsa wai mayu ne, kotu kuma tana rataye duk wanda ya ƙi amsa laifi. Gienia ta fito a ɗaya daga cikin tsofaffin da aka yi wa ƙazafi. Alƙalin kuwa Emil Landau ne, makanikin injinanmu, mutumin da ko yatsa ka sa masa a baki ba zai ciza ba. Kullum a wurin gwaji sai ya yanke mata hukuncin rataya, in an tashi ta kwance ƙullinta ta ba shi burodi da kokwamba mai tsami.

Sai ga watan Maris. Rediyo da jaridu suka tashi haiƙan wai akwai maƙiya a cikinmu, suna nufin Yahudawa, aka fara kiran taro a masana'antu ana ɗaga hannu ana tsine wa mutane. Emil Bayahude ne, abin da kowa ya sani tun fil azal bai dami kowa ba. Cikin mako guda mutanen da yake gyara wa inji suka daina ganinsa. In ya zauna a kantin abinci sai teburin ya watse. Har yau in na tuna raina ɓaci yake yi, don muna gwajin wannan wasa da yamma, da safe kuma muna yin sa da gaske, babu wanda ya ji kunya.

Sakataren jam'iyya na masaƙa, Kwamared Zaremba, ya so cire Emil daga wasan, amma ba wanda ya haddace maganganun alƙali, ga shi an riga an gayyato baƙi daga gunduma. Sai ya ce Emil ya yi wasan sau ɗaya, kada kowa ya kula shi, daga nan a sallame shi daga aiki. Ya ja Gienia gefe, da yake ya san halinta, ya kira ta da Pani, wato uwargida.

"Pani Gienia, makullin nan a hannuna yake. Ki kama bakinki."

"Bakina dai ko?" in ji ta. "To, na ji."

Ranar Lahadi da la'asar aka buɗe wasan. A wurinmu ba a yi wa ɗan wasa fatan alheri da baki ranar farko. Juya baya yake yi, abokan wasansa su shure shi a mazaunai, shi kuma ba ya cewa na gode, in ya ce sa'ar ta gudu. Wanda ba a shura ba, ba namu ba ne ke nan. A bayan labule aka yi ta shure-shure ana dariya, har mai jan labule ya samu nasa. Emil yana tsaye can gefe cikin baƙar rigar alƙali da hular gashi. Sabo ya sa ya ɗan juya baya yana jira. Ba wanda ya je. Zaremba na tsaye bakin ƙofa, hannu a aljihu, yana kallon kowa.

Na ga Gienia ta tattare siket. Ta ratsa mu, ta je ta ɗirka wa Emil shurin da sai da hular gashin ta faɗi ƙasa. Ya juyo, idonsa ya ciko, ya buɗe baki.

"Ka kuskura ka ce na gode, wallahi in ƙara maka!" ta daka masa tsawa. "Ɗauki hularka, alƙalin banza, ka je ka rataye ni da kyau."

Zaremba ya matso, fuskarsa ta yi ja.

"Kin san abin da kika yi?"

"Cewa ka yi in kama bakina, Kwamared, ba ƙafata ba. Ɗan wasanmu ne, na ba shi sa'arsa. Kai da ba ka hawa dandamali, ba ka da rabo, matsa mu wuce."

Ban taɓa ganin Emil ya yi wasa kamar ranar ba. Da ya yanke mata hukunci, ita kuma ta ce ba za ta amsa laifin da ba ta yi ba, zauren ya yi shiru irin wanda ba na jin daɗi ba. Kowa ya gane da mu wasan yake, har baƙin gunduma. Ba a sake nuna wasan ba. Aka sallami Emil, kafin sanyi ya shigo ya bar ƙasar da takardar da ba ta ba shi damar dawowa.

Zaremba bai haƙura ba. Ya kira taron ma'aikata, ya ce in Gienia ta tashi ta ce ta yi kuskure, maganar gida tana nan. Ana gobe taron da daddare 'yarta ta yi kuka ta roƙe ta, don ƙaramin jikan tari yake yi tun hunturu. Ni ma na roƙe ta. Na ce kalma biyu ce, Emil ma ba zai ji haushi ba.

Ranar taron ta hau dandamali ta tsaya, ta dubi zauren.

"An ce in faɗi abin da na yi," ta ce, muryarta har waje. "Na shuri Emil Landau don ya yi sa'a. Mutumin kirki ne, duk kun sani, ya gyara injin kowa a nan. Gobe in ya dawo in sake. Shi ke nan maganata."

Ta sauko ta koma bakin injinta tun kafin a tashi taro. Mako na zagayowa aka ba wasu gidan.

Ta ƙarasa rayuwarta a wancan ɗaki. Jikan ya rayu, amma ƙirjinsa bai taɓa warkewa sosai ba, 'yarta kuma ta yi shekaru ba ta yi mata magana mai daɗi. Gienia ta san abin da ta jawo musu, ya kuma ci ta a rai. Wata rana da tsufa ya kama ta, muna hawa matakala da bokitin gawayi, ta tsaya tana haki, na tambaye ta ko da za a mai da ranar baya za ta canza.

Ta ajiye bokitin.

"Yaron nan nake ji," ta ce a hankali, karon farko da na ji ta yi magana ƙasa-ƙasa. Sai ta ɗago kai ta harare ni. "Amma su ce in yi ƙarya a kan mutum? Su riƙe benensu. Ɗauki bokitin mu tafi."