Sharuɗɗan da Na Gindaya wa Allah a Kan Abaji

Ko shekara nawa zan yi a duniya, ba zan manta da watan da na zauna ina gindaya wa Allah sharuɗɗa kamar wani ɗan kwangila ba. A lokacin ina akawu a wata ma'aikata a Abuja, muna zaune a Karu da matata da yaranmu biyu, kuma ni ke jagorantar mawaƙa a cocinmu. Wata Litinin oga ya kira ni ya miƙo mini takarda, wai an mayar da ni ofishinmu na Abaji, in kama aiki cikin mako huɗu.

Na dawo gida raina a ɓace. Ni da na saba tsayawa gaban ɗaruruwan mutane ranar Lahadi sanye da kwat, me zan je yi a Abaji? Amma tunda ni mutumin Allah ne a idon jama'a, ban ce ba zan je ba. Na ce wa matata zan nemi nufin Ubangiji.

Na durƙusa na ce, ya Ubangiji, in har kai ne ka aiko da takardar nan, to a bar mana wutar lantarki daga safe har yamma ba a ɗauke ba. Duk wanda ya zauna a unguwarmu ya san na zaɓi abin da ba zai yiwu ba. Sai ga wuta ta yi kwana uku ko ƙiftawa ba ta yi ba. Maƙwabta suna murna ruwa ya daskare a firij, ni kuwa ina zaune ina harare-hararen ƙwan fitila. Na ce wannan ba alama ba ce, masu wuta ne suka manta da mu.

Sai na sake sabon sharaɗi: surukata ta yabe ni da bakinta. Shekara tara da auren 'yarta, matar nan ba ta taɓa ganin abin kirki a jikina ba. Washegari ta bugo waya daga ƙauye, ta ce ta yi tunani ta ga 'yarta ta yi dacen miji. Har na tambaye ta ko lafiyarta ƙalau.

Yanzu in na tuna sai in rufe fuska don kunya, amma a lokacin ban karaya ba. Na nemi wani mai kiran kansa annabi a bayan kasuwa. Tun kafin in zauna na zayyana masa yadda ba na son tafiyar, shi kuma ya rufe ido ya yi ta rawar jiki, ya buɗe ya ce ya ga maƙiya sun yi layi a hanyar Lokoja suna jirana. Nan take na ce amin, lallai Allah ya yi magana.

Mako huɗu suka cika ban je ba. Oga ya ba ni takardar gargaɗi, ya ce ko in kama aiki ranar Litinin ko in ajiye aikin gaba ɗaya. Da na nuna wa matata, tana tankaɗe gari, ko ɗagowa ba ta yi ba.

"Baban yara," ta ce, "kai ba alama kake nema ba. Ka riga ka rubuta amsarka, sa hannu kawai kake so Allah ya yi maka."

Ban ci tuwon ranar da daɗi ba. Ranar Litinin na hau mota zuwa Abaji ina ƙunƙuni, ina leƙen taga ko zan hango maƙiyan. Masu sayar da doya da lemo kawai na gani.

Lahadin farko na shiga wani ƙaramin coci mai rufin kwano a gefen gari. Manoma ne yawancinsu, ba su cika benci biyar ba. Dattijon da ke jagorantarsu ya ɗauki Littafi Mai Tsarki ya kai shi dab da hancinsa, ya yi ta fama, idonsa ya riga ya mutu. Ban san lokacin da na tashi na karɓa na karanta musu ba, daga nan na ɗaga waƙa suka amsa.

Bayan sujada dattijon ya riƙe hannuna biyu. Ya ce tun damina suke azumi da addu'a Allah ya kawo musu wanda zai riƙa karanta musu Maganarsa.

"Ɗana, ka yi latti," ya ce da irin Hausarsa. "Mun roƙi mai fara'a ne, amma wanda Allah ta ba mu, mun karɓa."

Na yi dariya, sai kuma hawaye suka zubo mini. Ashe duk makonnin da nake ciniki, akwai mutanen da ke jirana da yunwar azumi.

Shekara shida muka yi a Abaji da iyalina, kuma a wannan ƙaramin cocin ne na fara sanin bambancin yi wa Allah waƙa da yi wa jama'a wasa. Abin da na koya shi ne, Allah ba ya ƙarancin hanyar yi wa mutum magana. Yakan bi ta takardar oga, ko ta bakin matarka tana tankaɗe. Tun daga nan na daina roƙonsa alama. Kunnen da zai yarda ya ji amsar da ba na so, shi nake roƙo.